Shekarar da Babanku Ya Saki Sarƙa

Nasiru da Hadiza, wannan babin naku ne, ko da yake labarin yayarku Ummi ne. Na ji abin da ake faɗa a Damagaram, na kuma ji abin da ku kanku kuke faɗa in kun zaci barci ya ɗauke ni a kujera: wai Ummi fin ƙarfin Babanku ta yi ta tafi teku, wai ya haƙura ne don ba yadda zai yi, wai da ciwon abin a ransa ya rasu. Lokacin da abin ya faru, kai Nasiru ba ka da wani tunani sai ƙwallo, ke kuwa Hadiza ko haƙoranki na gaba ba su gama fitowa ba, saboda haka ban ga laifinku ba da kuka ɗauki labarin mutanen da ba sa wurin. Ni ina wurin. Ina zaune a kan bokitin da aka kife, da kwanon dambu a cinyata.

Sai na fara da halin Babanku, don in ba ku san shi ta wannan gefen ba, sauran ba zai shiga ba. Malam Isufu mutum ne mai ɗaure abu tamau. Tun yana yaro a ƙauyensu kusa da Mirya shi ke ɗaure awakin gidansu, kuma kakarku ta sha gaya mini ba a taɓa jin akuyar da ya ɗaura ta shiga gonar wani ba, domin igiyar da yake ba ta gajeriya ce, iyakarta ta kwanta ta tashi. Da wannan hannun ya zo Faransa. Kwalin da zai aika gida in ya ɗaure shi, sai an sa wuƙa. Murfin kwalba in ya rufe, sai na jira shi ya dawo daga aiki. Kuma Allah da ikonsa, karatun injiniya da ya yi a Villeurbanne ya kai shi aikin da ya dace da shi daidai. Kun san tsaunukan Lyon, yadda aka jera gidaje a jikinsu. Aikinsa shi ne hana ƙasar zamewa: a haƙa rami mai zurfi a jikin tudu, a zura igiyar ƙarfe, a zuba siminti, sannan a ja ta da inji har ta ɗame. Sunan abin a faransanci ɗaya ne da na ƙarfen nan da jirgin ruwa ke jefawa ya tsaya, *ancre*. Mutanen Najeriya na ji suna cewa anka. Mu a gida ƙugiya muke cewa. In mun fita yawo ranar Lahadi cikin tsohon gari, sai ya tsayar da mu a gaban wani gida ya nuna mana baƙaƙen ƙarafan nan masu lanƙwasa da ke manne a jikin bango, ya ce su ma ƙugiyoyi ne, ba don su ba da tuni bangon ya buɗe. Ku kuna ta ja masa riga kuna son gilas, askirim ɗin nan mai sanyi, shi yana ta bayani.

“Abin da za shi riƙe,” in ji shi, “sai an ɗame shi. In ka ga sako-sako, to rushewa na tahe.”

Ni ma ya ba ni muƙami. In yana cikin raha sai ya ce ni ce turken gidan. Sai in ce masa na gode, amma a garinmu turke itace ne da ake bugawa a ka da tabarya har ya nutse, ya nemo mini wani yabon.

Ummi kuwa ƴar fari ce, kuma sunan mahaifiyarsa Zulaihatu aka sa mata, shi ya sa ba wanda ya taɓa jin sunanta na yanka a bakinsa ko a nawa. Gidanmu na Rillieux yana can sama, ta tagar kicin ana hango kogin Rhône yana ƙyalli. Ni ƴar Damagaram, ruwan da na sani na tapki ne da na rijiya, sai ga ɗiyata tana hawa kujera tana manna hanci a gilashi tana kallon kogi har tuwo ya huce. Wata shekara lakwal, wato makarantarsu, ta kai su tafkin da ke kusa da mu aka sa su a ƙananan jiragen ruwa masu filafili. Ta dawo jiƙe sharkaf, leɓe ya yi shuɗi don sanyi, ido kuwa kamar an kunna fitila. Daga ranar na san mun shiga uku. Da ta girma ta haɗu da Madam Odile, wata tsohuwa ƴar masu jiragen dakon kaya a kogi, wadda aka haifa a cikin jirgi, ta yi aure a cikin jirgi, kuma take zaune a cikin nata a bakin kogin Saône. Duk Asabar Ummi na can, tana goge tsatsa, tana shafa fenti, tana koyon ƙullin igiya. Babanku ya ƙyale ta, a ganinsa wasan yara ne, zai wuce kamar yadda son keke ya wuce.

Bai wuce ba. Shekarar da ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, ta zauna jarrabawar shiga makarantar hafsoshin jiragen ruwa na kasuwanci da ke Marseille. Na sani, shi ma ya sani, amma ya sa a ransa ba za ta ci ba, ɗiyar mutanen da ba su da ko gaɓar teku. Ranar da sakamako ya fito tana shigowa ta ɗaga ni sama, ni da nauyina, muka yi ta juyi a falo ina ihu tana ihu, har maƙwabciyarmu ta ƙasa ta buga silin da tsintsiya. Wallahi na yi murna. Ban tsaya tunanin teku ba, ban tsaya tunanin maza ba, abin da na gani kawai shi ne ɗiyata ta nemi abu ta samu. Sai da muka ji makullin Babanku a ƙofa sannan muka tsaya muna haki.

Ya saurare ta har ta gama. Ya cire takalmi, ya jera su daidai kamar yadda ya saba, sannan ya ce:

“Barka da ƙoƙari, Ummi. Amma ba ki tahiya.”

“Baba, *pourquoi*? Don mi?”

“Ɗiya mace, wata da watanni cikin ruwa, tsakanin ƙarti, ba uwa ba uba. In wani abu ya same ki, ina zan bi in same ki? Ga makarantar injiniya nan Villeurbanne, bas guda ki je ki komo ki kwana gida.”

A dokar ƙasar nan shekarunta sun kai, tana iya ɗaukar jakarta ta tafi ba wanda zai tare ta, kuma ƙawayenta haka suka yi ta zuga ta. Wannan shi ne abu na farko da nake so ku riƙe. Ta share hawaye ta dube shi ta ce:

“Wallahi Baba, in ba ka sa mini albarka ba, ba ni taka jirgin. Amma ina roƙonka, kuma ba ni daina roƙo.”

Makarantar tana jiran amsa kafin ƙarshen hutu, in ba ta amsa ba a ba wani gurbin. Gidan ya zama wani iri. Ita tana gaishe shi har ƙasa safe da yamma, ta kawo masa shayi, ta ce “Baba, ina roƙo,” ta tashi. Shi kuma ya ce “na ji,” ya buɗe jarida. Ni ina tsakiya, in na shiga ɗakinta in ce ta yi haƙuri, in na shiga namu in ce ya duba. Da ya ga abin ya ƙi ƙarewa sai ya yi irin ta mutanenmu, ya ce magana ta fi ƙarfinsa, a kai ta gaban manya. Babbanmu a Faransa kaf shi ne Kawu Alhaji Mamman, ƙanen mahaifiyarsa, wanda ya yi aikin direba a Paris har ya yi ritaya yana zaune a Sevran. Babanku ya tabbata dattijo mai zuwa masallaci kafin ladan ba zai yarda jikarsa ta zama matuƙiyar jirgi ba. Yana ta fara'a a jirgin ƙasa, har ya saya mana biskit.

Kawu Mamman ya tarbe mu da gaisuwar da ba ta ƙarewa, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi sanyi, ya tambayi mutanen Mirya ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda suka rasu. Aka ci aka sha. Babanku ya gyara murya zai fara, Kawu ya ɗaga hannu ya ce shi ba ya shari'a da cikakken ciki, a tashi ya nuna wa jikarsa Paris. Ya cusa mu a tsohuwar motarsa. Ni zuwana Paris kafin nan duk na ofishin jakadanci ne da filin jirgi, ban taɓa ganin garin da ido irin na ranar ba, kuma Ummi ce ta buɗe mini shi. Ashe garin nan da ba shi da teku cike yake da ƙugiyoyi. Ta nuna mini su a goshin manyan gine-gine, a jikin gada, a ƙofar gidan tarihin jiragen ruwa, a hular wani yaro, har a damtsen wani ƙato mai sayar da kifi wanda ya zana ta da shuɗin tawada. Duk wadda ta gani sai ta daka tsalle ta ce “Inna, ga wata!” Ni ma na shiga wasan, ina leƙe ta taga kamar ƙaramar yarinya, na gano ɗaya kafin ita na yi ta tafi. Ta ce mini a wurin mutanen ruwa alamar sa rai ce, shi ya sa Madam Odile ta sa aka sassaƙa ta a kan kabarin mijinta, ta kuma rataya ƙarama a wuya. Babanku yana gaba ya haɗe rai. Kawu ya dube shi ta gefen ido ya ce:

“Ni ma ai ina da tawa. Na jehwa ta Sevran da niyyar shekara biyu, ga ta nan ta yi tsatsa, ba ta hita.”

Da muka koma gida bayan la'asar ya zaunar da mu. Babanku ya faɗi nasa, Ummi ta faɗi nata kanta a ƙasa. Kawu ya daɗe yana jan carbi.

“Isuhu,” ya ce, “ran da za ka taho ƙasar nan, ni na riƙe yayata Zulai tana kuka bakin tasha. Mutanen gari sunka ce mata kar ta bari, ɗa guda namiji, za shi ɓace cikin Nasara. Ta ce a bar ka. To ga mai sunanta nan. Ni ba ni cewa ta tahi, ba ni cewa ta zamna, kai ne uba. Abu guda nika tambaya: ka taɓa ganin ta bisa jirgin nan?”

“Ban taɓa ba, Kawu.”

“To je ka gani da idonka. In ka gani ka hana, ni da kaina zan ba ta haƙuri.”

A hanyar komawa Lyon ba a sayi biskit ba.

Madam Odile ta sa mana ranar Asabar. Shekarar an yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, kogin Saône ya cika ya yi ja, yana tafe da rassan itace. Ku biyu muka bar ku wurin maƙwabta. Na yi dambu da zogale na zuba a kwano, don ban san abin da ake ci a jirgi ba. Babanku ya sa farar shaddarsa ta Juma'a, ina jin don ya nuna ba aiki ya zo ba, kallo ya zo. Jirgin dogo ne baƙi, ɗakin tuƙi yana can baya. Ya gai da tsohuwar da ladabi, sannan ya wuce can gaba, iyakar nisan da zai iya yi da ɗakin tuƙin, ya zauna kusa da wani injin ƙarfe da sarƙa ta naɗe, ya harɗe hannu. Na bi shi na kife bokiti na zauna. Ummi ta zo ta nuna masa, cikin ladabi, cewa wannan injin ƙugiya ne, wannan kuma birkinsa, kada rigarsa ta taɓa don akwai baƙin mai. Ya ce ya gani, ai ba yau ya fara ganin birki ba.

Jama'a, daɗi! Ban taɓa zaton haka Lyon take daga tsakiyar ruwa ba. Gidajen nan masu launin ja da rawaya suna wucewa a hankali, mutane a kan gada suna ɗaga mana hannu, ni ma ina ɗagawa da mayafina. Na waiwaya na hango Ummi a bayan sitiyarin da ya kusa kai tsayinta, kallabi ɗaure tamau, tana juya wannan ƙaton abu kamar tana tuƙa tuwo, Madam Odile na gefe tana shan kofi ko kallonta ba ta yi. Na taɓa Babanku na ce ya duba. Ya duba da sauri ya kau da kai, amma na ga gefen bakinsa ya motsa.

Mun haura sama da gari, muna tafe gaba da ruwa, mun wuce ƙarƙashin wata gada mai ƙafafun dutse, sai injin ya yi tari, ya sake tari, ya mutu. Daga baya muka ji wata tsohuwar igiya ce da ruwa ya kawo ta naɗe farfelar da ke tura jirgin. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar ban tsoro. Madam Odile ta ajiye kofi ta gangara ɗakin inji. Jirgin ya tsaya cak, sannan na ga itatuwan bakin kogi sun fara tafiya ta inda bai kamata ba. Ruwa ne ke mai da mu baya, kuma a bayanmu ƙafar gadar nan ce, ruwa na dukan ta yana kumfa. Ummi ba ta da halin sakin sitiyari. A gaban jirgin kuwa ba kowa sai ni da kwanon dambu da mai farar shadda. Ta leƙo ta taga ta ƙwala kira:

“Baba! Ƙugiya! Buɗe birki!”

Ban taɓa ganin ya tashi da sauri haka ba. Ya kama ƙarfen ya murɗa, ƙugiyar ta faɗa ruwa, sarƙa ta bi ta da ƙarar da ta sa na toshe kunne. Yana jin ta taɓa ƙasa sai ya yi abin da hannunsa ya sani tun yana yaro: ya murɗe birkin tamau. Turke ya shiga, sai a gajarta igiya. Sarƙar ta miƙe tsaye, jirgin ya girgiza, ya yi kamar zai tsaya, sai muka ji gur-gur-gur a ƙarƙashin ƙafafunmu. Ƙugiyar tana jan ƙasa, ba ta kama ba. Gadar tana ƙara girma.

“*Lâche*, Baba! Saki sarƙa!”

“In saki? Gada na bayanmu, Ummi! In na saki can za mu!”

Ku tsaya ku gane, Babanku ba wauta ya yi ba. Duk sarƙar da ya saki, jirgin zai ƙara matsawa kusa da dutsen ne. Ni ma a raina cewa nake ya ƙara ɗamewa. Ya sa ƙarfinsa duka a kan birkin, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Sai Ummi ta bar faransanci gaba ɗaya, ta yi magana da wata murya da ban san tana da ita ba, Hausar Damagaram tsantsa, har na rantse muryar kakarku na ji:

“Baba, don Allah ka yarda da ni! In ba ka ba ta tsawo ba, ba ta kamawa! Sai sarƙa ta kwanta ƙasa! Saki!”

Ya juyo ya dube ni. Shekarun da muka yi tare ban taɓa ganin ya nemi shawarata da ido ba sai ranar. Na ce, “Malam, saki.” Ya ce bismillahi, ya buɗe.

Sarƙa ta yi ta zuba, tsatsa na tashi tana bulbule masa riga, jirgin na gudu da baya, ni ina salati da ƙarfi, dambu ya kife. Na ga gansakukar da ke jikin dutsen gadar, na ga wani mutum a sama ya dafe kai. Ummi tana ta cewa “ƙara, ƙara, ƙara,” sannan ta ce, “Yanzu riƙe, sannu-sannu, kar ka ɗame gaba ɗaya!” Ya bi maganarta kamar ɗan lakwal. Sarƙar da ɗazu take tsaye yanzu ta yi nisa gaba, ta shiga ruwa a kwance. Ta miƙe a hankali, ta yi ƙara, jirgin ya ja ta, ta ja shi. Sai ya tsaya. Ruwa na wucewa ta gefenmu da gudu, mu kuwa muna nan daram, tsakaninmu da dutsen bai fi a jefa takalmi ba.

Na yi guɗa. Eh, ni, a tsakiyar kogin Faransa, na yi guɗa irin ta ɗaurin aure har mutanen kan gada suka yi tafi. Madam Odile ta fito baƙi ƙirin da mai, ta dubi sarƙa, ta dubi gada, ta sumbaci ƴar ƙugiyar wuyanta, ta koma ɗakin inji. Babanku ya zauna a kan bokitina, farar shadda ta zama abin da ko wanki ba zai cece ta ba. Ummi ta zo da gudu ta durƙusa tana duba tafinsa ko ya ji ciwo. Da numfashinsa ya dawo, injiniyan ya farka, ya ce ta yi masa bayani. Ta ce ƙugiya kwance take cizon ƙasa, in aka ja ta sama sai ta tumɓuke, nauyin doguwar sarƙar da ke kwance shi ke sa ta nutse ta riƙe. Ya kalli inda sarƙar ta shiga ruwa. Ya ce a ba shi ruwa ya yi alwala. Ya shimfiɗa mayafina a kan jirgin ya yi sallah, muna jiran jirgin da zai zo ya ja mu. Da ya sallame ya kira ta, ya ɗora wannan baƙin hannun a kan kallabinta.

“Ki tahi Marseille, Ummi. Allah shi yi miki albarka, shi kai ki, shi maido ki. Na yarda, ba tilas aka yi mini ba.”

Ta fashe da kuka, na fashe da kuka, muna kuka muna dariya muna tsince dambu daga ƙasa. Tabon hannunsa bai fita daga kallabin ba, kuma na san har yau yana cikin akwatinta.

Abu na biyu da nake so ku riƙe, ba wanda ya ji shi sai ni. A bas, muna komawa Rillieux, Ummi ta tsaya taya Madam Odile aiki, ya daɗe yana kallon taga sannan ya ce:

“Ramatu, kin san abin da na saya yau? Wata rana ɗayanmu zai kwanta ciwo, ko ya mutu, tana tsakiyar teku. Ba ta samun jana'iza. Na san haka na saki. In ni ne, kar a jira ta, kuma kar in ji wani ya zarge ta.”

Na ce ya daina irin wannan magana a ranar farin ciki. Ya ce ai shi ya sa ya faɗa yau, don in san da hankalinsa ya yi.

Sauran kun gani da idonku, ko da ba ku fassara shi daidai ba. Kun ga mutumin da ya koyi bin jirginta a salula, yana tare mutane a ƙofar masallaci yana nuna musu wani ɗigo a tsakiyar shuɗi yana cewa ga ɗiyarsa nan. Kun ga yadda ya sa hotonta da farar hular aiki a saman talabijin, ya ture nawa gefe. Mai ciwon abu a rai ba haka yake yi ba. Kewa kam ya yi, ni ma na yi, akwai sallar da na dafa abinci na kasa ci don kujerarta ba kowa. Bai taɓa cewa da ya sani ba.

Da ciwon ƙarshe ya kwantar da shi, jirginsu yana tsakiyar babban teku, tafiyar kwanaki kafin wata gaɓa. Kai Nasiru kai ka yi ta kai da kawo a asibiti, kai ka yi masa wanka, kai ka shiga kabari, Allah ya saka maka, ba wanda zai ƙwace maka wannan. Na san gajiya da baƙin ciki ne suka sa, da ta iso bayan an share makoki, ka tare ta a ƙofa ka ce ta zaɓi jirgi ta bar ubanta. Tun ranar gaisuwarku ba ta wuce ta salla. Ke ma Hadiza kin bi bayan yayanki. Ni kuwa lokacin bakina ya yi nauyi, ina cikin takaba, na kasa faɗin abin da nake rubutawa yanzu.

Ana saura kwana kaɗan ya rasu, da rana, kun fita neman abinci, ya ce in nuna masa inda take. Na riƙe masa salular kusa da fuska, ya daɗe yana kallon ɗigon. Na ce masa ko in sa a gaya wa kamfaninsu, a sauke ta a gaɓa ta farko ta hawo jirgin sama, wataƙila ta same shi. Ya girgiza kai, ya yi ɗan murmushin nan nasa na gefen baki.

“Kar ki ja ta, Ramatu. Tana riƙe da ni daga can, ina ji. Ni na saki sarƙar nan da hannuna, kina wurin.”

Ina wurin. Jirginsu yana shigowa Marseille ƙarshen watan nan, na riga na gaya mata ina tafe da dambu. Kujera uku na sa a kama mana a jirgin ƙasa.